Ranar da Sarkin Baka Ya Harbo Jirgin Sama

Unguwar Yindiski,
Potiskum.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda, ina fata wannan takarda ta same ka ka sauka Kaduna lafiya, ba tayar da ta fashe, ba gadar da ruwa ya ci. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa waɗanda za su koyar da kai su ji ƙaunarka a ransu. Amin.

Ban taɓa kiran ka da sunanka ba tunda sunan mahaifina ka ci, kuma ba a takarda zan fara ba. Na cusa ta ƙarƙashin ƙunshin kilishin da Innarka ta sa maka a akwati, don na san nan hannunka zai fara zuwa kafin ka tuna da sutura. Abin da ya sa na rubuta maimakon in faɗa, kai ma ka sani. Ni da na yi shekaru ina surutu cikin lasifika a gaban taro, idan na zauna da kai mu biyu sai bakina ya mutu, in ɓige da tambayar ko ka ba akuya ruwa.

Za ka koyi ɗaukar majigi. Ina rubuta wannan ina jin daɗi har cikin ƙashina. Rayuwata duka a gefen farin ƙyalle na yi ta, ina bayanin hotunan da wasu suka ɗauka, ga shi ɗana zai tsaya bayan akwatin da kansa. Tun da labarin ya fito tafiyata ta canza a kasuwa, har mahauta suna tambaya ko an ba ni sarauta ne. To amma ba zan sallame ka da yabo kaɗai ba. Aikin nan ya taɓa kayar da ni, kuma gara ka ji wuraren da na faɗi daga bakina.

Da muka dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ba abin da na zo da shi sai takalmin soja da murya. Aikina a can kula da alfadarai ne masu ɗaukar kaya cikin kurmi, kuma wanda ya saba yi wa alfadari tsawa ba taron da zai gagare shi. Da motar majigi ta fara zagaya ƙasarmu aka nemi mai yi wa jama'a bayani. Ina jin Ngizimanci na wajen uwata, da Fillanci na Kasuwar Shanu, da Barbarci, da Bolanci daidai wanda zai hana a zage ni ban sani ba. Sai aka ɗauke ni.

Hoton farko da na yi wa bayani na yaƙin ne, a ƙauyen Mamudo. Sojojinmu ne cikin kaki mai guga, suna tafiya a jere suna dariya, ana zuba musu shayi. Takardar bayanin da aka ba ni gajeriya ce, ni kuwa ga lasifika a hannu, ga 'yan mata a gefe sun zuba mini ido. Sai na shiga ƙara gishiri. Na ce abokan gaba da sun ji tafiyarmu suke zubar da bindiga. Na ce nama har ture shi muke yi. Ƙarshe na nuna wani dogon soja da ya juya baya, na ce ni ne.

Ashe Madu yana cikin taron, wanda muka kwana rami ɗaya da shi, ya dawo gida da ƙafa ɗaya. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

“Kai Garba! To ina ruwan saman? Ina matsattsakun da muke cirewa da wutar sigari? Ina alfadarar da ta jefa ka a rafi kana kiran uwarka da Ngizimanci?”

Fili ya ɗauki dariya, har da 'yan matan. Ya bari ta lafa, sannan ya sassauta murya ya ce, “Ina waɗanda ba su dawo ba? Ga iyayensu nan zaune, ka nuna musu su.”

Ba wanda ya ƙara dariya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don na san matan da yake nufi, kuma na san 'ya'yansu. Saboda haka, Babana, duk abin da za ka ɗauka, ka sa a ranka akwai wanda ya je wurin, kuma wata rana zai zauna a gaban ƙyallen. Idan yaƙi ne ka ɗauki ruwan saman da matsattsakun tare da faretin. Idan an hana ka, to aƙalla kada ka ƙara musu shayi da bakinka.

Na ɗauka na koyi darasi. Ashe na koyi daina ƙarya ne kawai, ban koyi yadda ake yin ta da ni ba.

Kana ƙarami lokacin da abin Sarkin Baka Jaji ya faru, kuma mutanen gari rabin dariyar kaɗai suke ba da labari. Bari ka ji shi daga tushe. Jaji shi ne shugaban maharban ƙasarmu, abokin mahaifina ne tun suna yara, shi ya sa nake ce masa Baba. Maharba suna da wata doka da suka gada. Ranar da aka yi ruwan shuka, kowa zai kawo bakansa da kwarinsa a rataye a tsohuwar tsamiyar nan ta bakin fadama, ba mai sake taɓawa sai an yanke gero. Lokacin ne barewa da gada suke da 'ya'ya, zabi kuma suna kan ƙwai. Wanda ya karya dokar, a gaban jama'a ake karya bakansa. Ba alƙali a ciki, ba dogari. Abin da ya riƙe ta shi ne kowa ya san Jaji ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, don har bakan ɗan ƙanwarsa ya taɓa karyawa a gwiwarsa.

Sai ga wani Bature ya zo da akwatin ɗaukar hoto, mutane suka sa masa suna Mai Lofe, saboda lofen shan taba da ba ya rabuwa da bakinsa. Kada ka ɗauka mugu ne. Yana son namun daji tsakani da Allah, ina jin har ya fi son su a kan mutane. Ya ce naman dawa yana ƙarewa, kuma gaskiyarsa, don tun da hanyar mota ta buɗe, bindigogi suka yawaita bayan yaƙi, dajin ya fara yin shiru. Yana so ya yi majigin da zai ja kunnen jama'a. Yana bukatar hoton maharbi yana jan baka, kuma sauri yake yi, hutunsa ya matso. Damina ce tsaka. Aka haɗa shi da ni in yi masa tafinta, ni kuwa kaina ya kumbura.

Na kai shi wurin Jaji. Tsohon ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Garba, baka yana kan tsamiya. Ka ce wa baƙonka ya dawo da kaka.”

Na ce, “Baba, ai wasa ne. Ba abin da za a kashe. Ka ja baka kawai ka saki kibiya cikin iska, duniya ta ga yadda maharban ƙasarmu suke.”

“Kai ka san abin da zai yi da shi?”

“Na sani, Baba. Na ɗauke maka.”

Ya ce, “Saboda mahaifinka zan yi.”

Ya sauko da bakan da hannunsa. Aka tsayar da shi a bakin wata gona, gero ya kai gwiwa a bayansa, ya ja, ya saki, kibiya ta faɗa cikin ciyawa. Ya tsince ta, ya mayar da komai kan tsamiya tun kafin Mai Lofe ya gama naɗe ƙafafun akwatinsa.

Wallahi ban san abin da zai yi da shi ba. Na ce na sani ne don kada Bature ya ga ban isa da mutanena ba. A lokacin ina zaton majigi kamar madubi ne, abin da ya faru shi yake fitowa, bi da bi. Ka ji wannan da kyau: kada ka ɗaukar wa mutum alkawari a kan abin da ba ka ga ƙarshensa ba. Faɗin “ban sani ba” ba ya kashe kowa. Kuma idan wani ya buɗe maka ƙofa saboda sunan iyayenka, ka sani ba naka kake kashewa ba.

Fim ɗin ya tafi ƙasarsu, bai dawo ba sai da shekara ta zagayo, ba a daɗe da rataye bakuna ba. Sule mai inji, wani Banufe mai haƙuri da muke yawo tare a motar, ya ce in zo mu gwada shi tukuna mu biyu. Na ce ina da taron suna a Mamudo, ai na san abin da ke ciki tunda da ni aka ɗauka. Tuwon suna na zaɓa.

Aka kafa ƙyalle a filin da ke gefen Kasuwar Shanu, jajibirin kasuwa, bayan magariba. Gari ya cika da baƙi, Fulani da dillalai da mahauta da masu motocin shanu. Ni da kaina na bi gida gida na gayyato maharba. Jaji ya zo da sabuwar riga, aka shimfiɗa masa buzu a gaba.

Farkon abin gwanin kyau. Raƙuman dawa, jiminu, giwaye na wata ƙasa mai nisa suna wanka, yara suna ta ihu. Can sai ga Jaji ya cika ƙyallen, fili ya ɗauki sowa. Ya ja baka. Ya saki. Sai ga barewa kwance a mace, ɗanta ƙarami yana zagaya ta yana tura ta da hanci.

Daga baya wani Bafulatani ya ɗaga murya ya ce, “Kai jama'a! Wannan ai damina ne. Ku dubi gero.”

Abin da Mai Lofe bai sani ba, ni ma da ya kamata in sani na manta, shi ne mutanenmu ba sa tsayawa kan abin da ka nuna musu. Bayansa suke kallo. Shi ya so a ga maharbi yana kashe dabba. Su kuwa tsayin gero suka gani, suka gane watan, suka ga Sarkin Baka da kansa yana harbin uwa mai shayarwa a lokacin da yake karya bakan 'ya'yan mutane.

Ga takardar bayani a hannuna, an rubuta, “Ga irin mutanen da suke ƙarar da namun dajinku.” Na ga layin kafin in karanta. Na san ƙarya ne, da idona na ga kibiyar ta faɗa ciyawa. Amma saboda tsoron rasa aiki harshena ya karanta shi tsaf, da muryar nan tawa da ake ji har bakin tasha. Jaji ya miƙe, ya naɗe buzunsa da kansa, ya ratsa taron ya fita. Ba wanda ya ba shi hanya da sauri kamar yadda aka saba.

Abu biyu a nan, Babana. Kada ka taɓa nuna wa jama'a abin da kai ba ka kalla ba, ko da kai ka ɗauke shi. Na biyu ya fi nauyi: idan takarda ta ce abu, idonka ya ce wani, ka yi shiru in ba za ka iya musu ba. Shiru ma yana hannunka. Ni ranar ko shirun ban iya ba.

Kafin kasuwa ta zagayo tsamiya ta zama fayau. Samari suka ce tunda Sarki yana yi a ɓoye, su za su yi a fili. Ƙwan zabi ya cika kasuwa ƙwarya ƙwarya. Na ga 'ya'yan barewa ɗaure da igiya ana tallan su, ƙafafunsu suna rawa. Majigin da aka yi don a ceci namun daji shi ya rushe dokar da ke tsare su. Jaji ya shige gida, ko masallaci sai ya bari an tayar da salla ya tsaya a sahun baya. Ɗan ƙanwar nan tasa yana bin majalisa yana cewa a biya shi bakansa.

Na je wurinsa. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi Innarka, ya tambaye ka, ya sa aka kawo mini ruwa. Daga nan bai ƙara kalma ba. Da ma ya zage ni, da na samu sauƙi. Na shiga bin kasuwa da ƙofar masallatai ina rantsuwa cewa iska ya harba. Kowa amsarsa ɗaya: “Haba Garba, da idonmu fa muka gani.” Wasu su ƙara da cewa ai da bakinka ka faɗa.

Na fara cewa laifin Bature ne, ina maimaitawa a gida safe da yamma, har Innarka ta gaji. Tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, “Malam, Bature ya tafi ƙasarsu. Kai kuwa a garin nan za a binne ka.” Ka riƙe matar da za ta iya gaya maka irin wannan idan lokacinka ya yi.

Mafita ta zo ne a wani ƙauye, da rana, a inuwar mota. Fim ya tsinke mana a daren da ya gabata, Sule ya zauna gyara. Na sha ganin yana yi ban taɓa kula ba. Ya datse da almakashi, ya kankare baki da reza, ya shafa gam, ya danne. Na ce, “Sule, wannan da kowane irin hoto za ka iya haɗa shi?”

Ya ce, “Ko kan jaki da wutsiyar raƙumi.”

Na sa ya warware faifan namun daji muka ɗaga shi ga rana. Ga Jaji nan ƙanana ƙanana a jere, hannunsa yana sakin tsirkiya. Hoton da ke biye da shi barewa ce a kwance. Ba kibiya a tsakani, ba tafiya, ba komai. Sule ya ce tun a can aka liƙa su kafin a wanko mana namu. Na zauna a ƙasa ina kallon almakashin nan ƙarami, wanda bai fi na wanzami ba.

A cikin akwatin motar akwai wani tsohon faifan yaƙi da aka daina nunawa, inda ake harbo jirgin sama yana faɗowa da hayaƙi. Na gaya wa Sule abin da ya zo mini. Ya zare ido.

“Garba, kayan gwamnati ne fa. In aka ji, ni da kai sai gaban alƙali. Ina da iyali.”

Na ce ni ma ina da su. Ban matsa masa ba, don na riga na ga abin da matsawa take jawowa. Ya juya reza a hannu. Can ya ce, “Tun ranar nan ban ƙara jin daɗin kunna injin nan ba. Miƙo gam ɗin.”

Da muka dawo Potiskum na koma wurin Jaji, na durƙusa. Na ce, “Baba, ka zo majigi sau ɗaya tak. In na sake kunyata ka, ka karya lasifikata a gwiwarka a gaban mutane.” Na tashi na tafi ban san ko zai zo ba. Amma da aka kafa ƙyalle a filin nan dai, na hango shi can baya, ya rufe rabin fuskarsa da rawani.

Taron ya fi na farko, don an ji za a sake nuna Sarkin Baka. Na ajiye takarda, ban ce uffan ba. Jaji ya fito a ƙyalle, wasu suka yi tsaki. Ya ja baka. Ya saki. Sai ga jirgin sama yana juyi, hayaƙi yana tashi, ya faɗo ƙasa ya tarwatse.

Sannan fili ya fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, ko kafin nan ko bayan nan. Dattawa suna riƙe ciki, mata suna guɗa, wani dillali ya faɗo daga kan katangar Kasuwar Shanu. Madu yana buga sandarsa a ƙasa yana ihu, “Ina ka shiga, Sarki, lokacin da muke Bama? Ai da tuni mun dawo gida!”

Na ɗaga lasifika. Na ce, “Jama'a, kun gani da idonku?”

“Mun gani!”

“Sarkin Baka ya taɓa zuwa Bama?”

“A'a!”

“Kibiya tana kayar da jirgi?”

“Ina!”

Na ce, “To ni da Sule muka liƙa masa jirgin nan da almakashi da gam, a inuwar mota. Yadda muka liƙa masa jirgi, haka aka liƙa masa barewa. Ni na roƙe shi ya sauko da bakan, ya ƙi, na matsa masa da sunan mahaifina. Iska ya harba, ya mayar da bakansa tsamiya nan take, ina tsaye. Kuma ni na karanta muku ƙarya a kansa ina sane.” Na faɗe shi da Hausa, na maimaita da Ngizimanci, da Fillanci, da Barbarci, har da Bolancina mai ɗingishi, don kada wani ya koma gida ya ce bai ji ba.

Sule ya sa wurin barewar aka sake kallo. Yanzu da ba wanda ke kallon tsohon da fushi, idanun nan nasu suka koma aikinsu. Wani ya ce, “Ku dubi ƙasar, busasshiya ce!” Wani ya ce, “Ciyawar rani ce wannan!” Wata tsohuwa ta ce, “To ina kibiyar a jikinta?” Su da kansu suka ƙarasa shari'ar, ni dai ina tsaye hawaye yana zubo mini a gaban mahauta. Na waiga baya. Jaji ya sauke rawanin, kafaɗunsa suna girgiza. Dariya yake yi.

Da safe na je bakin fadama. Tsamiya ta yi nauyi kamar ta yi 'ya'ya, baka a kan baka, har da bindigogin adaka da ba a taɓa ratayewa ba. Ɗan ƙanwar Jaji ya zo da sabon bakansa ya durƙusa gaban tsohon ya miƙa masa ya karya. Jaji ya juya shi a hannu, ya ce itacen mai kyau ne, ya ce ya je ya rataye. Shekarar ba a karya bakan kowa ba.

An dakatar da ni da Sule na ɗan lokaci, ba zan ɓoye maka ba, kuma tuwon gidanmu ya yi ruwa a watannin. Da Mai Lofe ya dawo ya ji, ya kira ni. Ya ce a nuna masa abin da muka haɗa. Ya yi dariya har ya sarƙe da hayaƙi, sannan dariyar ta tsaya. Da ƙafa ya taka har gidan Jaji, ya tuɓe takalmi a zaure, ya ba shi haƙuri da Hausarsa mai kama da tafiyar raƙumi. Aka janye fim ɗin daga ƙasarmu, aka mayar da mu aiki. Yau idan ka bi fadama da kaka sai kukan zabi ya hana ka jin maganar na kusa da kai, barewa kuwa har gonakin Mamudo suke shiga, manoma suna zagi. Duk lokacin da na ji zagin nan daɗi nake ji.

Za su tura ka ɗaukar abubuwa da yawa, don zamani yana gudu: rijiyoyi, makarantun 'yan mata, allurar shanu, jefa ƙuri'a. Ka ɗauka da zuciya ɗaya, alheri ne. Amma na san yadda ake tsara irin waɗannan, a samu mai wayo a samu wawa. Ka tuna wanda aka sa ya yi wawan, bayan motarku ta tashi, a ƙauyen zai ci gaba da zama, 'ya'yansa su yi ta amsa sunan. Ka gaya masa gaskiyar abin da za a yi da fuskarsa tun kafin ka ɗora ido a akwati. Ka tsare sallarka. Ka girmama mai inji da direba, su ne za su tsaya maka ranar da manya suka juya baya.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin takardar. A zauren nan, bayan an yi sulhu, Mai Lofe ya roƙi Jaji ya bar shi ya ɗauki ranar rataye bakuna, ya ce wannan ne majigin da ya kamata ya yi tun farko. Ni na yi tafinta, kuma wannan karon ban ƙara ko kalma ba. Jaji ya ce, “Tambaye shi, wa zai riƙe almakashin?” Mai Lofe ya ce wasu ne a can ƙasarsu. Jaji ya ce, “To a bari. Sai ranar da mai almakashin ya zama wanda in ya yi mana ƙarya mun san ƙofar gidansu.” Tun daga nan wasu sun zo sun roƙa, bai yarda ba. Har yau ba akwatin da ya taɓa ganin tsamiyar nan da kayanta.

Shekaranjiya na je na gaya masa za ka tafi, da abin da za ka koyo. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, sai da na matsa kusa ya gane ni. Ya sa na maimaita. Sannan ya ce, “Ɗaukar kawai za su koya masa, ko har da yankan?”

Na ce har da yankan, Baba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “To mun san ƙofar gidansu. Ka ce masa ya koya da kyau. Ka kuma ce masa kada ya yi jinkiri, bana da ƙyar na ɗaga hannu na rataye nawa.”

Kai yake jira, Babana.

Allah Ya buɗa maka ƙwaƙwalwa, Ya daidaita maka hannu, Ya kare ka daga sharrin hanya da na birni. Allah Ya ja kwanan tsohon nan, Ya dawo mana da kai lafiya kafin wani ruwan shuka ya wuce shi. Innarka tana sa maka albarka, ni ma na sa.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba mai bayanin majigi.